Ruwan da Marka Ta Daina Sha

Katanga ɗaya ce ta raba gidana da na Marka a nan Gummi, ita ma katangar ta zube ta wajen rijiya tun wata damina, ba wanda ya damu ya gyara ta, don ta nan muke tsallakawa ɗibar wuta da aron gishiri. Saboda haka in na ce na san matar nan, to na san ta.

Sana'arta turara shinkafa. A kawo mata shanshera, wato shinkafa mai ƙaiƙayi, daga fadama, ta jiƙa, ta turara a rabin duro, ta baza a tamfol ta sha iska, sannan a kai inji. Shinkafar da ta bi ta hannunta ba ta kakkaryewa, 'yan kasuwa sun san da haka. Doguwa ce mai ƙashi, ta haihu da yawa, ga dariya. In Marka ta tuntsire da dariya a tsakar gidanta, mai wucewa a bakin titi sai ya waiga.

To dariyar nan ce na fara lura ta ɗauke. A ba da labarin da a da zai kwantar da ita ƙasa, sai ka ga ta danne leɓe, ta haɗe ƙafafu, ta kau da kai. Daga nan ta rage shiga mutane. Taron suna ba ta zuwa, biki sai dai ta aika da gudummawa. In ta kama dole, kamar gaisuwar mutuwa, za ta je, amma ba ta zama. Kuma kun san halin garinmu, ka shiga gida, kafin a gama tambayarka gajiya an dire maka ruwa a gaba. Marka sai ta ɗauki kofin, ta taɓa shi da leɓe, ta ajiye. Wannan kuwa ba a yi wa mai gida shi ya ji daɗi. Mata suka fara cewa ta yi kuɗi ta fara ƙyamar randar mutane. Wasu suka ce tsoron sammu take yi.

Ni dai abin da idona ya gane mini ta kan katanga shi ne igiyar shanyarta ba ta rabo da zannuwa, ɗakinta ba ya rabo da hayaƙin turare, bakinta kuma ya yi ja da goro, matar da a da ko a wurin ɗaurin aure aka ba ta goro ni take miƙo wa.

Marka tana da yaya, Hure, uwa ɗaya uba ɗaya. Ita ta goye ta bayan rasuwar mahaifiyarsu. Hure tana aure a Zugu, can ƙasar Bukkuyum, kuma a 'yan shekarun nan idonta ya tafi, ƙafa ma ta ƙi. Ɗanta Muntari, magidanci ne mai iyali, yana sana'ar kabu-kabu, shi yake zuwa ranar kasuwa da saƙonta da ɗan ƙullin goro a ganye.

Wanda bai san hanyar Zugu ba, bari in gaya masa. Mota takan rage maka tafiya, amma sauran ta babur ce, cikin daji, ga ramuka, ga yashi. Tun da zaman lafiya ya yi wuya a wajen, masu babura ba sa tafiya ɗai-ɗai. Sai sun taru su yi ayari da hantsi, in kuwa an ɗau hanya ba a tsayawa. Ko hularka ce ta faɗi, ta zama ta daji. Wannan kowa ya yarda da shi, ba a yi wa kowa alfarma.

Wata ranar kasuwa da bazara ina gidan Marka ina taya ta juya shanya, Muntari ya yi sallama. Ya durƙusa ya gaishe mu, ya ajiye goron, yana murza makullin babur.

"Inna Marka," ya ce, "Inna ta ce in tambaye ki."

"Mi?"

"Ta ce in wani laihi ta yi miki, ki faɗa mata ta roƙi gafara tun tana da baki. Ta ce ita ba ta ganin kowa yanzu, amma hannunta na gani. Tana son ta shafa fuskarki."

Marka ta ci gaba da juya shinkafa da ƙafa kamar ba da ita ake ba.

"Aiki ya yi min yawa, Muntari. Ga shinkafar rani ta shigo."

"Bara ma hakanan kika ce. In tsoron hanya na, wallahi ta yi sauƙi kwanan nan. Tsohuwar da ta girme ki na ɗauko makon jiya, har da akuyarta."

"Ni na ce maka tsoro nike ji?"

"To mi na, Inna? Jikinta fa ba ya daɗa kyau. In ruwa ya sauka rafi ya cika, sai kuma kaka. Ni ban san ko tana kai kaka ba."

Ƙafar Marka ta tsaya. Ta ɗago ta dube shi ta ce, "Kasuwa mai zuwa ka zo da wuri. Ina binka."

Na yi murna, don ban san shirin da ta yi a ranta ba. Ashe tun ana jajibirin tafiyar ta ɗauke wa kanta ruwa ɗungurungum. Ko kunu ba ta kurɓa ba. In ƙishi ya taso sai ta ɓare goro ta tauna, wai ya kashe mata shi. Kuma a cikin zafin nan na bazara ta wuni a bakin wuta, tana son ta gama aikin mutane kafin ta tafi. Da safen tafiyar, Muntari yana ƙofar gida yana ɗaure mata kaya, ta sunkuya za ta ɗau mayafi, sai ta tafi luu ta zube a gefen murhu. Surukarta Hafsa ta yi ihu, na tsallako katanga ba ko ɗankwali.

A babur ɗin da zai kai ta Zugu aka kai ta asibitin gari, ni ina riƙe da ita ta baya. Aka sa mata ƙarin ruwa. Muntari ya jira har ta buɗe ido, sannan ya tafi don kada ayari ya bar shi. Na ga ɓacin rai a fuskarsa.

Ma'aikaciyar jinyar da ta karɓe mu sunanta Lubabatu, ana ce mata Sista. Ba yarinya ba ce, ta yi furfura a gefen kai. Ta ja labule, ta jawo kujera ta zauna kamar wadda ba ta da wani aiki.

"Inna, yaushe rabonki da ruwa?"

Marka ta juya fuska bango.

"Azumi kike yi?"

"A'a."

"To me ruwa ya yi miki?"

Na miƙe zan ba su wuri, Marka ta riƙe mini zane. "Zauna, Sa'a. Ai na san kin daɗe kina ƙirga min shanya." Sannan ta rufe ido ta yi magana a hankali, kamar mai karanta laifinta a gaban alƙali. Ta ce fitsari ne ba ya riƙuwa. In ta yi tari, ko atishawa, ko dariya, ko ta ɗaga duro, sai ya zubo. Wani lokaci kuma haka kawai zai taso mata da ƙarfi, ko ta ji ana tsiyaya ruwa a buta, kafin ta kai bayi ya riga ta. Ta ce ta san sunan ciwon, yoyon fitsari ne, wanda ake kwasar mata a kai su nesa a yi musu aiki. In maganar ta fita, wa zai ƙara cin shinkafar da ta fito daga hannunta?

"Ina hawa babur ɗin nan," ta ce, "kowane rami sai na jiƙa zane. A bayan ɗan yayata! Kuma ba a tsayawa. In sauka Zugu gaban surukai ina wari? Shi ya sa na ce bari in bushe kaina kwana ɗaya in je in dawo."

Sista Lubabatu ba ta yi dariya ba, ba ta kuma yi salati ba. Tambayoyi ta shiga yi. Yana zuba ko kina kwance ba motsi, dare da rana ba yankewa? A'a. Da zafi in kina yi? Wani lokaci. Da jini? Babu. Bayan gida fa, yana fita da sauƙi? Marka ta ce sai ta yi kwanaki. Shayi fa? Kullum safe, mai kauri. Goro? Sista ta dubi haƙoranta ta ce, "Wannan kam ba sai kin amsa ba."

Bayan ruwan ya shiga jikinta aka karɓi fitsarinta aka auna, aka ɗibi jini a yatsa don a duba suga. Sista ta duba ta, ta sa ta yin tari mara cike don ta ga yadda yake fita. Likita ma ya shigo ya duba, suka yi magana. Da suka gama, Sista ta dawo ta zauna.

"Inna, ba ki da yoyon fitsari. Shi wancan huda ce a jiki, shi ya sa yake zuba ba tsayawa. Ke ba inda ya huje. Abu biyu ne suka haɗe miki. Naman da ke riƙe bakin mafitsara ya saki, haihuwa da shekaru da ɗaukar nauyi suka kawo haka. Ita kuma mafitsarar ta zama mai gaggawa, tun ba ta cika ba take matsawa. Suga ba ki da shi. Akwai 'yan ƙwayoyin cuta a fitsarin, za mu ba ki maganinsu. Matan da ke zuwa mana da irin wannan suna da yawa, har waɗanda kike gaisawa da su kullum."

Marka ta buɗe ido. "Su wa?"

"Yadda ba zan gaya musu naki ba, haka ba zan gaya miki nasu ba."

A nan na ga gefen bakin Marka ya motsa.

"Amma maganin da kika yi wa kanki," in ji Sista, "shi ya ƙara miki ciwon. In kin hana jiki ruwa, fitsari yakan yi kauri ya yi zafi, ya dinga tsokanar mafitsara, ga wari ya ƙaru, ga bayan gida ya bushe ya danne ta. Goron da kike kashe ƙishi da shi kuwa, da shi da shayin nan, su ne masu zuga ta."

"Goron Yaya Hure," Marka ta ce. "Duk wanda ta aiko ni ka cinye shi."

"To daga yau ki ba maƙwabciyarki."

Na ce Allah ya yi wa Sista albarka.

Ta koya mata abin da za ta yi. Ruwa ta sha shi kaɗan-kaɗan tun safe har la'asar, ta rage in rana ta faɗi. Ta yawaita ganye a miya. In fitsari ya taso da gaggawa kada ta ruga, ta tsaya cik ko ta zauna, ta matse, ta yi numfashi har ya lafa, sannan ta taka a hankali zuwa bayi. A haka za ta dinga ƙara tazara tsakanin zuwa da zuwa, har mafitsara ta koyi haƙuri. Aka ba ta wasu ƙwayoyi masu kwantar da ita, aka ce za su iya busar da baki, kada ta tsorata.

"Wace matsewa kike faɗi?" Marka ta tambaya.

"Kin taɓa zama cikin surukai iska ta taso miki?"

"Sista!"

"To yadda kike yi ki hana ta fita. Wannan naman za ki ja sama, ki riƙe, ki saki. Ban da ɗauke numfashi, ban da matse cinya. Safe, rana, yamma. Kuma duk lokacin da za ki ɗaga duro ko za ki yi tari, ki riga shi matsewa."

"Wata nawa?"

"Ba aikin kwana biyu ba ne. Ki ba shi wata biyu zuwa uku, kina dawowa muna gani."

Marka ta dubi taga. Sama fari tas, ko alamar girgije babu. Amma ni da ita mun san abin da take lissafawa.

Da Muntari ya dawo na ce mata ta aika da gaskiya kawai. Ta ce ita ba ta sa wannan magana a bakin ɗa namiji. Na ce to ga waya. Ta ce wayar ta Muntari ce, in ya kara wa uwarsa a kunne duk gidan na tsaye suna saurare. Abin da ta ba shi ya kai shi ne, "Ka ce mata ba ta yi min komi ba. Ka ce ina nan tahe kahin rafi ya cika." Muntari ya ce zai faɗa, amma muryarsa ta wanda ya gaji da ɗaukar alkawari ce.

Daga nan aiki ya koma kanmu. Na samo mata gora na cika da ruwa na rataye a inuwar darbejiya kusa da murhu. In na leƙo na ga bai ragu ba sai in yi mata tsiya. In za su ɗaga duro ita da Hafsa, sai in ɗaga murya ta kan katanga, "Marka, kin ja zaren?" Hafsa ta ɗauka wani zaren buhu muke nufi, ta daɗe tana dube-dube a ƙasa. Da ta gane matsewar nan muke nufi, ita ma ta shiga yi, don ta ce tun haihuwarta ta baya atishawa ke ba ta kunya.

Ba kullum ake cin nasara ba. Akwai ranar da muka ce bari a gwada, muka hau babur zuwa fadama, hanyar da ba ta kai rabin ta Zugu muni ba. Kafin mu kai ta jiƙe. Ta sauka ta shige bayan wata giginya ta yi kukanta, ta ce Sista ta yaudare ta, gara ta koma wa goronta. Na ce goron ai na cinye. Muka koma asibiti, Sista ta sake dubawa, ashe ciki take turowa ƙasa maimakon ta ja sama. Aka gyara mata. Ta kuma ba ta audugar da ake sawa don irin wannan, ta ce, "Wannan ba faɗuwa ba ce, Inna. Mai tafiya cikin ruwa ma yakan riƙe lema."

A hankali zannuwa suka ragu a igiya. Ran nan na jiyo ta tana dariya da wata mai kawo shanshera, ba irin ta da ba, amma dai dariya ce, ta kuma ƙarasa ta a zaune.

Ruwan farko ya sauka da yamma, ya kwantar da zafi. Na biyu ya biyo shi ba da jimawa ba. Ranar kasuwa Muntari ya zo da laka a tayoyinsa, ya ce rafi ya fara kawo ruwa, iya idon sawu, in aka ƙara ɗaya mai ƙarfi shi ke nan.

"Ɗaura kayan," in ji Marka. Ta juyo ta dube ni. "Ke ma shirya mayahinki, gobe da sahe muna tahiya. Ba ni zuwa ni ɗai."

Jajibirin wannan karon ta sha ruwanta kamar kullum. Da safe ta kurɓi kaɗan, ta bar shayi, ta kewaya kafin mu fita, ta sake kewayawa a inda ayari ke taruwa. Ita tana bayan Muntari, ni ina bayan wani abokinsa, muna biye da su. Daji ya fara kore, ba mai magana, sai ƙarar injuna. Ina ganin bayanta, duk ramin da ta hango sai ta miƙe zaune tun kafin a faɗa shi.

A bakin rafi ne abin ya zo. Babura suka rage gudu suna ratsa ruwa ɗaya bayan ɗaya, ruwan yana tsiyaya a kan duwatsu, irin ƙarar nan da ta fi tsana. Na ga ta damƙe rigar Muntari da hannu biyu, ta sunkuyar da kai.

"Inna, lahiya?" ya ce da ƙarfi.

"Tuƙa abinka!"

Muka haye, muka hau tudu. Can sai na ga kafaɗunta sun sauka, ta saki rigar, har ta gyara ɗaurin mayafi.

Hure tana zaune a kan tabarma a ƙofar ɗakinta, ta rame ƙwarai. Tun daga sallama ta ɗago kai. Marka ta durƙusa a gabanta. Tsohuwar ta miƙo hannu biyu ta lalubo fuskar, ta bi goshi, ta bi kumatu, ta bi tsagen da ke gefen ido.

"Ke ta," ta ce. "Kin tsuhwa, 'yar nema."

"Ke kin yi yarinta halan?"

Matar Muntari ta kawo ruwa a kwanon sha, mai sanyin randa. Marka ta ce a ba ta buta tukuna. Ta kewaya, ta ɗan jima, ta dawo da zanenta a bushe, ta raɗa mini cewa ɗan kaɗan ne ya tsere a wani rami, auduga ta tare shi. Sannan ta zauna ta ɗauki kwanon da hannu biyu ta kafa kai. Hure ta karkata kunne tana jin saukar ruwan a maƙogwaro har aka ajiye kwano.

"An ce min ba ki shan ruwan kowa yanzu."

"An faɗa miki daidai. Na daina, na kuma dawo."

Hure ta kwance bakin zanenta ta fito da goro ɗaya fari, ta miƙo. Marka ta karɓa ta sa mini a hannu.

"Goron nawa kuma mi ya yi miki?"

Marka ta dubi matar Muntari, yarinyar ta gane ta ja yara suka fita. Sannan ta matsa har gwiwarsu ta haɗu, ta gaya wa yayarta komai, tun daga dariya har faɗuwa a bakin murhu. Hure tana saurare, bakinta a buɗe.

"Wagga ita ta hana ki zuwa? Ni ina nan ina tuna duk faɗan da munka yi tun kina goye, ina neman wanda ya yi miki zahi. Har na ce ko tasar Innarmu ce da na riƙe. Ashe hitsari na!"

Sai dariya ta kama ta, ta kama Marka. Can Hure ta daki cinyar ƙanwarta tana haki. "Bari, bari, kada ki ƙara! Ni ma in na yi dariya hakanan nike, kuma zanen ga ɗaya gare ni wankakke."

Marka ta share hawaye da bakin mayafi. "Tun yaushe?"

"Tun ina gani."

"To gyara zama, Yaya. In Muntari ya samu hanya mu kai ki a duba ki. Kahin nan, kin taɓa zama cikin surukai iska ta taso miki?"

Na ɗauki gorona na koma inuwa na bar su. A daren da ya biyo aka yi ruwa mai ƙarfi, rafi ya cika, sai da muka yi kwanaki a Zugu kafin ya ba da hanya. Marka ko sau ɗaya ba ta tambayi yaushe za mu koma ba.